Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ministan Lafiya a kan Allurar Ƙashin Baya

Zuwa ga Mai Girma Ministan Lafiya da Walwalar Jama'a,
Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, Abuja.

Maƙasudin wannan wasiƙa shi ne jawo hankalin Mai Girma Minista ga wata hanyar magani da ake yi wa masu ciwon baya da ciwon jijiyar ƙafa a manyan asibitocin ƙasar nan, na gwamnati da masu zaman kansu, wato allurar da likitoci ke kira efidural ta sitiroyid, wadda ake sokawa tsakanin gaɓoɓin ƙashin baya domin a kai maganin kumburi dab da saiwar jijiyar da ke ciwo. Roƙon da wasiƙar ke ɗauke da shi guda ne: ma'aikatar lafiya ta fitar da rubutacciyar ƙa'ida ta musamman wadda za ta fayyace majinyacin da ya cancanci wannan allura, da likitan da ya cancanci yin ta, da irin maganin da ya halatta a zuba, tun kafin ta zama hajar da ake tallata wa duk wanda ya shigo asibiti yana dafe da ƙugu.

Yawan masu fama da ciwon shi ne dalili na farko da ya sa batun ya kai a rubuto wa minista. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a faɗin duniya, ana kuma hasashen adadin zai kai miliyan 843 nan da shekarar 2050, kuma mafi yawan ƙarin zai fito ne daga Afirka da Asiya. Babu wata lalura da ta fi shi hana mutane aiki a duniya. A ƙasar da manomi ke yini a sunkuye da fartanya, mai ga-ruwa ke tura kura, direban tirela ke kwana a zaune, mace kuma ke daka da goyo a bayanta, masu neman sauƙin wannan ciwo ba za su taɓa yankewa ba, kuma duk inda mabuƙata suka yi yawa haka, ciniki zai biyo baya.

Domin a gane inda allurar take da amfani, wajibi ne a bambanta ciwo biyu da jama'a kan haɗa su a suna ɗaya. Ƙasan ƙashin baya yana da gaɓoɓi biyar, kuma tsakanin kowace gaɓa da 'yar'uwarta akwai faifan guringuntsi mai tauri a waje da laushi a ciki, wanda aikinsa kamar na gammo ne tsakanin kai da tulu. Ta cikin gaɓoɓin akwai kafar da laka da saiwoyin jijiyoyi ke bi, a lulluɓe da wani tantani mai ƙwari da ake kira dura, kuma ɗan sararin da ke wajen wannan tantani, mai ɗauke da kitse da ƙananan hanyoyin jini, shi ne efidural. Idan faifan ya tsage, abin cikinsa ya bulluƙo ya danne saiwar jijiya, galibi tsakanin gaɓa ta huɗu da ta biyar ko tsakanin ta biyar da ƙashin tsatso, sai saiwar ta kumbura, ciwo ya taso daga ɗuwawu ya bi bayan cinya ya wuce gwiwa har zuwa tafin ƙafa, majinyaci ya riƙa cewa yana jin kamar an jona masa wutar lantarki, ko ƙafar ta yi tsami, ko yatsun sun mutu. Wannan shi ne sayatika, wadda ta samo sunanta daga jijiyar da ta fi kowace girma a jikin ɗan Adam. Ɗaya ciwon kuwa, wanda ya tsaya a ƙugu bai sauka ƙafa ba, shi ne na kusan mutum tara cikin goma na masu ciwon baya, kuma a mafi yawan lokuta ba a iya nuna wani wuri guda a ce ga tushensa. Hujjar yin allurar ta rataya ne a kan rage kumburin saiwar jijiya, saboda haka inda babu saiwar da ta kumbura, babu abin da aka je kashewa.

Hanyar ba sabuwa ba ce. A shekarar 1901 likitoci biyu a birnin Paris, Jean-Athanase Sicard da Fernand Cathelin, suka fara zuba maganin kashe zafi a wannan sarari ta kafar da ke ƙarshen ƙashin tsatso, sannan a 1952 da 1953 likitoci a Italiya da Faransa suka soma sa sitiroyid, wato maganin da aka kwaikwayo daga sinadarin kotisol wanda jiki da kansa ke samarwa domin danne kumburi. A yau, inda ake yin aikin bisa ƙa'ida, majinyaci yakan kwanta rub da ciki da matashi a ƙarƙashin mararsa, a wanke fatar bayan da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a lulluɓe kewayen da tsabtataccen ƙyalle, a kashe zafin wurin, sannan likita, sanye da safar hannu da takunkumin fuska, ya riƙa tura doguwar allura a hankali yana kallon allon na'urar hoton ƙashi da ke nuna masa bakin allurar a daidai lokacin da take tafiya. Kafin ya zuba magani sai ya fara tura ɗan ruwan rini mai fitowa a hoto, ya ga yadda ya bi jikin saiwar jijiyar. Idan rinin ya ɓace nan take, alama ce ta cewa allurar ta faɗa hanyar jini, dole ya janye ya gyara. Aikin bai cika wuce rabin awa ba, ƙafar takan yi nauyi na 'yan sa'o'i, ciwon kan iya ƙaruwa kwana ɗaya ko biyu, sannan sauƙin ya biyo baya cikin mako guda ga wanda allurar ta karɓa.

Abin da bincike ya tabbatar game da amfaninta bai kai abin da ake yawan faɗa wa majinyata ba, kuma a nan ne ya kamata ma'aikata ta tsaya da kyau. A shekarar 2020 ƙungiyar Cochrane, wadda ta shahara wajen tace binciken likitanci, ta tattara gwaje-gwaje 25 da aka yi a kan mutum 2,470 masu sayatika, inda aka kwatanta allurar sitiroyid da allurar da babu sitiroyid a cikinta, sai aka ga cewa a ma'aunin ciwo mai maki 100, bambancin da ke tsakaninsu bai wuce kimanin maki 5 ba, kuma a cikin watanni ukun farko ne ake ganinsa. Game da tsofaffi masu tsukewar kafar laka, waɗanda ƙafafunsu ke sagewa idan sun yi tafiya sai sun zauna ko sun sunkuya, wani gwaji da aka buga a mujallar likitanci ta New England a 2014 ya bi mutum 400, ya kuma gano cewa bayan mako shida ƙara sitiroyid a kan maganin kashe zafi bai haifar da wani bambanci na a-zo-a-gani ba. A kan irin waɗannan hujjoji ne hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin magani a Ingila, ta yanke a 2016 cewa ana iya duba yiwuwar yin allurar ga mai sabuwar sayatika mai tsanani, amma kada a yi ta saboda ciwon baya zalla, kada kuma a yi ta saboda tsukewar tsakiyar kafar laka. A watan Fabrairun 2025 wani kwamitin masana na ƙasa da ƙasa ya buga shawara mai ƙarfi a mujallar BMJ cewa a daina irin waɗannan allurai ga masu ciwon baya da ya wuce wata uku wanda ba ciwon daji ko wata cutar kumburi ce ta kawo shi ba.

Adalci ne a faɗi cewa ƙungiyoyin likitocin da ke yin allurar sun yi jayayya da wannan shawara ta ƙarshe, kuma hujjarsu ba ta wofi ba ce, domin matsakaicin lissafi yakan haɗiye mutumin da ya sami sauƙi sosai cikin taron waɗanda ba su sami komai ba. Mutumin da sayatika ta hana shi barci, ta mayar da sallarsa ta zaune, ya sha ƙwayoyi har cikinsa ya fara gyambo, idan allura ta ba shi mako shida na sauƙi har ya iya takawa ya halarci gashin ƙashi, ba ƙaramin alheri aka yi masa ba, kuma marubucin wannan wasiƙa ba ya neman a hana shi. Sai dai akasarin masu sayatika suna samun sauƙi da kansu cikin mako shida zuwa goma sha biyu, domin jiki yakan tsotse abin da ya bulluƙo daga faifan a hankali. Allurar ba ta mayar da faifai mazauninsa, ba ta ɗinke tsagar da ya yi. Iyakarta ta sassauta ciwo kafin jiki ya gama nasa aikin. Duk likitan da ya gaya wa majinyaci fiye da haka ya faɗi abin da ilimi bai faɗa ba.

Haɗarin kuwa iri biyu ne, ƙanana masu yawan aukuwa da manya waɗanda ba kasafai ake gani ba. Cikin ƙananan akwai ciwon kai mai tashi da zarar an miƙe zaune idan allura ta huda dura, da rashin barci, da hauhawar suga na kwanaki, wanda ga mai ciwon suga da ba ya auna jininsa a gida ba ƙaramin abu ba ne; idan kuma aka yi ta maimaita allurar, sitiroyid yakan raunana ƙashi, musamman ga matan da suka daina al'ada, ya kuma danne sinadarin da jiki ke samarwa da kansa na tsawon makonni. Cikin manyan akwai ƙurji a kusa da laka, da taruwar jini a kafar laka ga mai shan maganin tsinka jini. A ranar 23 ga Afrilun 2014 hukumar FDA, mai kula da abinci da magunguna a Amurka, ta yi gargaɗin cewa allurar na iya jawo makanta, da shanyewar jiki, da mutuwa, ko da yake da wuya hakan ke faruwa, ta kuma tunatar cewa ba ta taɓa amince wa wani sitiroyid da a zuba shi ta wannan hanya ba. Musabbabin shanyewar sananne ne. Wasu nau'o'in maganin, irin su metilfirednisolon da tirayamsinolon, farin ruwa ne mai ɗauke da ƙananan ɓarɓashi, kuma idan ɓarɓashin ya shiga hanyar jinin da ke ciyar da laka sai ya toshe ta, ɓangaren lakar ya mutu, mutumin da ya shigo da ƙafafunsa ya fita a keken guragu. Deksametazon, wanda garai yake babu ɓarɓashi, ya fi aminci ta wannan fuska, shi ya sa masana a 2015 suka ba da shawarar a fara da shi idan za a bi ta ƙofar da jijiya ke fitowa, kuma kada a bi wannan ƙofa sai da hoto da rini. Takardar da ke cikin kwalin Kenalog, wato tirayamsinolon, ma ta rubuta ƙarara cewa ba a yi shi domin efidural ba.

Babban darasi game da ingancin maganin kansa ya zo ne daga Amurka a shekarar 2012. Wani kamfanin haɗa magunguna mai suna New England Compounding Center, a garin Framingham na jihar Massachusetts, ya raba kwalabe kusan 17,000 na metilfirednisolon marar sinadarin adanawa, waɗanda funfuna ta gurɓata, aka kuwa yi wa mutum kusan 14,000 allura da su, akasari a ƙashin baya. A watan Satumba likitoci a jihar Tennessee suka fara ganin wani irin sanƙarau da ba ya jin maganin da aka saba, kuma kafin ƙurar ta lafa hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ƙirga mutum 753 da suka kamu a jihohi 20, 64 daga cikinsu sun rasu. Da masu bincike suka shiga kamfanin, sun tarar da wani kwando mai kwalabe 321 waɗanda 83 daga cikinsu ana ganin baƙin abu mai ratsin kore yana yawo a ciki da ƙwayar ido, sun kuma gano cewa ana kashe na'urar sanyaya ɗakin haɗa maganin da daddare. An ɗaure shugaban kamfanin, Barry Cadden, shekara tara a 2017, daga baya aka ƙara masa zuwa sha huɗu da rabi, majalisar ƙasar kuma ta yi sabuwar dokar sa ido a kan masu haɗa magunguna a 2013. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Idan haka ta faru a ƙasar da ke da hanyar gano annoba cikin makonni da bin sawun kowace kwalba da lambarta, to a inda jabun magunguna ke yawo a kasuwa, kuma majinyaci kan koma ƙauyensu bayan allura ba tare da wani ya sake jin labarinsa ba, irin wannan masifa za ta iya cin rayuka ba a ma san daga inda ta taso ba.

Akwai kuma haɗarin da ya fi shafar Najeriya fiye da ƙasashen da aka yi waɗancan gwaje-gwaje, wanda saboda shi ne kwafo ƙa'idar Ingila ko ta Amurka yadda take ba zai wadatar ba. Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu tarin fuka, inda ake ƙiyasta kusan mutum 500,000 ke kamuwa a shekara, kuma idan cutar ta bar huhu ta kama ƙashi, ƙashin baya ta fi kamawa. Tana farawa ne da ciwon baya mai tsanani da dare, da zazzaɓin yamma, da rama, tun kafin ƙusumbi ya fito ko ƙafafu su shanye. Zuba sitiroyid, wanda aikinsa danne garkuwar jiki ne, a kusa da ƙashin da tarin fuka ke ci zai iya lafar da ciwon na ɗan lokaci alhali cutar na ci gaba da ɓarna, ya kuma jinkirta maganin da gwamnati ke bayarwa kyauta. Haka abin yake ga mai cutar sikila wanda ƙwayar cuta ta shiga masa ƙashi, da dattijon da ciwon dajin furostet ya yaɗu zuwa bayansa, da matar da ciwon dajin mama ya yi wa haka. Wanda kuma fitsari ya riƙe masa, ko bayan gida ke kuɓuce masa, ko ya daina jin taɓi a tsakanin cinyoyinsa, tiyatar gaggawa yake buƙata, kuma kowace sa'a da aka ɓata ana shirin allura tana rage masa damar warkewa. Saboda haka sharaɗin farko a ƙa'idar Najeriya ya kamata ya zama cewa ba a soka allura a bayan kowa sai an yi masa cikakken bincike, an duba jininsa, an kuma ga hoton MRI wanda ya dace da ciwon da yake faɗa.

Mai Girma Minista ya san matsayin allura a zukatan jama'a, yadda da yawa ba sa jin an yi musu magani sai an tsira musu ita, ya kuma san cewa sitiroyid ba baƙo ba ne a shagunan kemis, domin deksametazon na cikin ƙwayoyin da ake sha don ƙiba waɗanda aka fi sani da sha-ka-fashe. Masu gashin ƙashi a asibitocin ƙasar nan sun daɗe suna karɓar yaran da ƙafarsu ta saki saboda allurar ɗuwawu da aka soka a kan jijiyar sayatika. Idan allurar tsoka ta iya yin wannan ɓarna a hannun wanda bai san makamar jiki ba, ta kusa da laka ta fi ƙarfin a bar ta ga duk wanda ya ga dama. Kuma tunda fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a harkar lafiya a ƙasar nan daga aljihun majinyata yake fitowa, kowace allurar da aka yi ba bisa buƙata ba amfanin gonar wani ce ko kuɗin makarantar 'ya'yansa.

Kayan aikin da za a gyara al'amarin suna hannun ma'aikata. Hukumar da ke yi wa likitoci rajista, wato MDCN, tare da kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta ƙasa, za su iya fayyace horon da dole likitan sa barci, ko na ƙashi, ko na tiyatar ƙwaƙwalwa da laka, ko na hoto ya samu kafin ya yi wannan aiki, da sharaɗin cewa ba a yin sa sai a ɗakin da ke da na'urar hoto da kayan farfaɗo da majinyaci, domin allurar da aka yi da lalube takan kuskure wurin da aka nufa ko a hannun gwani. Hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasa, wato NAFDAC, ce za ta tabbatar da cewa kwalba ɗaya ta majinyaci ɗaya ce, ta fito daga hanyar da aka sani, an kuma rubuta lambarta a fayil ɗinsa, ta yadda idan cuta ta ɓulla za a iya kiran sauran da aka yi wa daga rukuni guda. Hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda dokar 2022 ta ƙarfafa, tana da makami mafi kaifi, wato ta ƙi biyan kuɗin allurar da aka yi don ciwon baya zalla, ta kuma sa iyaka ga maimaitawa, kamar yadda shirin inshorar tsofaffi na Amurka ya taƙaita ta ga sau huɗu a shekara a kowane sashe na baya, sannan kada a sake ta ga wanda ta farko ba ta amfane shi ba. Asibitocin ƙashi na Dala a Kano, da Igbobi a Legas, da na Inugu, tare da asibitocin koyarwa, su ne suka fi dacewa su riƙe rajistar duk wanda aka yi wa allurar da abin da ya same shi bayan wata uku da bayan shekara, domin ƙasar ta dogara da alƙalumanta.

Takardar amincewa ita ma tana buƙatar kulawa ta musamman. Bai isa a miƙa wa majinyaci takarda da Turanci ya dangwala yatsa ba. A yi masa bayani da harshen da yake ji, Hausa ko Fulfulde ko Kanuri ko Yarbanci ko Ibo, a gaban wani nasa, cewa sauƙin na ɗan lokaci ne, cewa mai yiwuwa bai same shi ba, cewa akwai yiwuwar ya warke ko ba a yi ba, sannan a gaya masa alamomin da idan ya gani zai dawo asibiti a daren ba sai gari ya waye ba, wato zazzaɓi, da sanƙarewar wuya, da raunin ƙafa mai ƙaruwa, da riƙewar fitsari. A gefe guda kuma, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta Disamban 2023 a kan daɗaɗɗen ciwon baya ta fifita ilmantar da majinyaci, da motsa jiki bisa tsari, da gashin ƙashi, ta kuma yi hani da ƙwayoyi masu sa maye dangin taramol. Waɗannan hanyoyi ne da mafi yawan masu ciwon baya ke buƙata, amma masu gashin ƙashi sun taru a manyan birane, kuma muddin babu su a manyan asibitocin ƙananan hukumomi, majinyaci zai ci gaba da zaɓa tsakanin ƙwayar kemis da allura mai tsada.

Don haka ana roƙon Mai Girma Minista da ya kafa kwamitin ƙwararru daga ɓangarorin da aka ambata, ya sa masu gashin ƙashi da jami'an shirin yaƙi da tarin fuka a cikinsa, ya ɗibar masa wa'adi, ya kuma umarci a buga ƙa'idar da zai fitar a raba ta ga kowane asibitin da ke yin wannan allura, na gwamnati da na kuɗi. Allah ya yi wa Mai Girma Minista jagora, ya ba marasa lafiya sauƙi.